Dashen ƙarshen damina

Makon jiya na miƙa makullan ofishin gandun daji da na sito ga yaron da zai gaje ni. Kayan ba su taka kara sun karya ba: baro biyu, ɗaya ba taya, butocin ban ruwa shida, shebur, ragowar buhun leda, sai kabad cike da fayil. Ya roƙe ni in rubuta masa abin da zai amfane shi, na ce to. Da na zauna rubutun sai na tarar duk inda na ɗauko zance shekara guda yake komawa, shekarar da aka riƙa yankar albashina saboda wayar shingen da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Bari in fara da ita, ko na samu in huta.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shirin ganuwar itatuwa na tare hamada a Bachaka ta jihar Kabi ba, wanda shugaba Jonathan ya zo da kansa a 2014. Daga nan kowane ciyaman ya ga shi ma ya dace a ɗauke shi hoto riƙe da shebur, namu bai tsaya baya ba. Aka ce in shirya dashe dubu biyar. Tun Maris muka cika leda, dogonyaro da turare da bagaruwa, da 'yan mangwaro da zogale. Na ce "muka", amma gaskiya mai aikin wani dattijo ne da ya shiga lambun renon itacen tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a cire Kabi a 1991. Baba muke ce masa. Shi da yara biyu suka ratsa bazarar nan da guga, safe da yamma, har dashen ya kai gwiwa.

Tsakiyar Yuli na sa a takarda, lokacin da ƙasa ta jiƙa sosai. Aka ɗaga, wai babban baƙo daga Birnin Kebbi ba ya gari. Aka sake ɗagawa, wai kuɗin rumfa ba su fito ba. Agusta ta shige muna kallon ruwa yana zuba a banza, saiwa ta fasa leda ta kama ƙasar lambu. Wata safiya Baba ya tare ni a bakin rijiya, ya ɗaga leda ɗaya ya nuna mini saiwar da ta tsinke. Ya ce, "Malam, ruwa sun kusa ɗaukewa. Iccen da bai sha marka ba, da wuya shi ga bazara. A raba ma mutane su kai gida, ko a bari sai baɗi." Na ce, "Baba, magana ta fi ƙarfinmu, daga sama take." Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ina ɗokin a kira sunana a lasifika gaban baƙi, ga difloma tana yi mini kururuwa a ka, ban ga abin da lebura zai koya mini ba.

Filin ma ni na zaɓa, daga cikin mota. Gefen titi ne, inda duk mai wucewa zai gani, fetal ba gona ba gida. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa manoman da ke rigima kan taki ɗaya na iyaka suka bar fili irin wannan ba. Burtali ne. Ta nan shanu suke gangarawa mashaya da zarar an kawar da amfanin gona. Hakimin garin takarda kawai na aika masa, ta sanar da rana da roƙon ya zo da makaɗa. Ardo kuwa ko a raina bai zo ba.

Ana jibi biki darakta ya kira ni ofis. Ya turo mini takardar shaidar karɓar kaya, an rubuta waya mai ƙaya da turakun ƙarfe na kewaye filin duka. Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan ba su shigo sito ba." Bai ko ɗago kai ba ya ce suna hanya, ɗan kwangila ya tsaya Jega ne, kuma in ban sa hannu ba ma'aji ba zai saki ko kwabo ba, sai in je in faɗa wa ciyaman da bakina cewa ni na hana biki. Ya miƙo mini birona da na ajiye a kan teburinsa. Har yau ina iya ganin fankar silin ɗin nan tana ɗaga gefen takardar, na danne da hannun hagu na sa hannu da na dama. Babu wanda ya riƙe mini hannu. Wannan nake so yaron nan ya fara sani kafin ya ji sauran labarin a bakin 'yan sakatariya, don kowa da yadda yake ba da shi.

Aka yi biki a makon ƙarshe na Satumba. Rumfa, kujeru, 'yan makaranta jere cikin rana tun hantsi. Babban baƙo ya dasa mangwaro ɗaya, aka zuba masa ruwan gora ya wanke hannu, aka kifa wa mangwaron rabin duro. Da yamma rediyo ta ce an dasa itatuwa dubu biyar. Sauran dashen leburori suka binne su cikin kwana uku, ruwa ya sake sauka sau ɗaya, yayyafi, shi ke nan damina ta yi sallama. Kaka ta yi, aka saki dabbobi. Awaki suka fara da zogale da mangwaro, shanu suka bi hanyarsu ta kaka da kakanni suka tattake abin da ya rage, gara ta ƙarasa. Waya ba ta zo ba. Duk sanda na tambaya sai a ce a bari wata ya yi.

A Afrilu muka je ƙirga ni da Baba. Muna tafe yana zungurar ramuka da sanda, ina rubutawa. Ba mu cika ɗari ba, kusan duka bagaruwa, ita ma don ƙayarta. Da ya ce mini "ai na faɗa maka" da na ji sauƙi. Bai ce komai ba. Ya tsuguna ya tono wata busasshiyar leda da leburori suka binne dashen da ita ba su yage ba, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu.

Da masu bincike suka zo daga jiha, a gabana darakta ya buɗe fayil ya ce, "Ga jami'in da ya karɓi kayan, shi zai yi muku bayanin inda ya kai su." Takardar tuhuma, kwamiti, zama uku. Na faɗi gaskiya, suka saurara, wani a cikinsu har ya girgiza kai don tausayi, sannan ya tambaye ni, sa hannun nan na wane ne? Aka yanke a riƙa cirewa a albashina wata goma sha huɗu, ƙarin girma ya tsallake ni sau biyu. Shi kuwa bai shekara ba aka ɗaga shi. Mukan haɗu wurin ɗaurin aure ko jana'iza, mu yi musabaha, ya tambayi iyali. Nakan ce na yafe, Allah ya sani ina ƙoƙari. Uwargida dai ta ce duk ranar da aka ambaci sunansa ina cin abinci sai na tsame hannu.

Ba ina cewa kowa a ƙaramar hukuma haka yake ba, na yi aiki da mutanen kirki da suka ci bashi don su sayi man babur na zuwa aiki. Ginin ne a karkace. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, magudanan ruwa, bayan gida na jama'a, kasuwa, mahauta, maƙabarta, ya kuma sa ta cikin raya noma da albarkatun ƙasa in ban da ma'adinai. Kusan duk abin da ake kira muhalli ke nan. Amma kuɗin sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, in an biya albashi abin da ya saura bai fi na shayi ba. Aikin kuma an yayyanka shi: shara tana hannun duba-gari a sashen lafiya, kwalbati da lambatu a sashen ayyuka, mu muna maƙale a sashen noma, kowa da kabad ɗinsa. Ga wata cutar da ta fi wannan. Biki yana da bauca, wato takardar fitar da kuɗi, akwai rumfa da kujera da lemo da za a rubuta. Ban ruwan watan Maris ba shi da bauca, ba shi da hoto, ba mai zuwa daga Birni ya gani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. Mun yi murna a gindin bishiyar sakatariya. Ni dai har na miƙa makulli baron nan bai samu taya ba.

Bayan hukuncin da aka yi mini aka daina ba ofishina ko sisi, wanda ya zame mini gobarar Titi. Ba abin yi, sai na hau babur na je na ba hakimi haƙuri. Ya bar ni a zaure har aka yi azahar, na san na ci wannan. Da ya fito ya ce, "Yaro, da ka tambaye mu da mun nuna maka inda icce ka rayuwa." Ya sa aka kai ni gonakin da ke wajen iyaka. Nan na ga abin da manoma suka ɗauko wurin 'yan uwansu na Nijar, wanda can suke kira sassaben zamani. In an zo sassabe ba a share gona ƙwal. A kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko gawo, manomi zai zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski duk shekara. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa shekara da shekaru, ba ruwanta da guga. Gawo kuwa kowane manomi ya san halinsa, yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, gindinsa ya fi ko'ina yabanya, da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Na tambayi wani manomi me ya sa maƙwabtansa ba sa yi. Ya dube ni ya dubi babur ɗina mai lambar hukuma, ya yi dariya. Ya ce saboda mu. In ka bar itace ya girma a gonarka, ranar da ka sari reshe don gyaran rumbu malamin daji zai biyo ka da tara, to gara ka kashe shi tun yana ƙarami ba wanda ya sani. Shekaruna nawa a aikin ban taɓa hango wannan ba. Na tara malaman dajinmu na ce daga yau wanda ya rena itace a gonarsa, reshensa nasa ne, a bar shi. Wasu har yanzu ba sa gaishe ni da daɗin rai, don na toshe wata ƙofa. Ardo ma na je na same shi a ruga, muka bi burtalin da ƙafa daga titi har mashaya, ya nuna mini inda ya tsuke saboda gonaki sun ci shi, na kai maganar gaban uban ƙasa. Ba duka aka gyara ba.

Abin da Baba ya faɗa tun farko shi muka koma yi. Kowane gida dashe biyu, a hannun matan gida, a kafa inda ruwan wanka da na alwala ke bi, a kifa tsohon kwando ko a kewaye da tubali. Mangwaro da zogale da gwaiba aka fi so, turare sai an yi lallashi, kuma suna da gaskiya, shan ruwa gare shi. Makarantu kowane aji da itacensa. Maƙabarta ta fi ko'ina riƙe dashe, ba mai shiga da gatari. Na sayi littafi mai layi na daina rubuta abin da aka dasa, sai abin da na tarar da rai a Afrilu. Lambar ba ta da daɗin karantawa a rediyo, ciyaman biyu sun ce in gyara ta, ban gyara ba. Akwai wata firamare da yau 'yan tallan ƙosai da masu sayar da rake suke rigimar wuri a inuwar dogonyaron da muka kafa. In na bi ta nan nakan rage gudu.

Sauran abin da zan faɗa wa magajina kaɗan ne. Ya duba Matan Fada a Argungu, maganar Sarkin Ruwa ce ke tsare kifin nan har ranar bikin kamun kifi, ba shingen waya ba, don haka kowace doka ya fara kai ta fada kafin ya buga ta a takarda. A yashe lambatu a Mayu, in aka bari Agusta ta yi sai dai kwashe kayan mutane. Kada ya ƙwace buhun mai gawayi in ba shi da amsar me za a dafa tuwo da shi. Ya yi abota da duba-gari, sun fi mu shiga gidaje. Komai ya sa wa hannu ya yi kwafi kafin ya bar ofishin.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuɗin sallamarsa ba su fito ba sai bayan an yi sadakar arba'in, su ma rabi. Littafin ƙirgar Afrilu yana cikin kabad, aljihu na biyu, shafin farko da sunan ƙauyukan da ya lissafo mini da baki. Takardar karɓar wayar kuwa ban bar ta a ofis ba. Kwafinta yana gida cikin akwatin ƙarfe, haɗe da takardar ɗaukata aiki.