Yadda muke tsara zanen alƙaluma don masu karatun Ajami

A shagonmu na zane da ɗab'i a nan Sakkwato, aikin da ya fi cin lokaci shi ne zanen alƙaluma da za a buga da Ajami ko Larabci, kamar sakamakon jarabawar Islamiyya, da rahoton zakka na kwamitin masallaci, da fostar rigakafi da za a kai ƙauye. Kwastoma yakan kawo na boko ya ce a sauya rubutun kawai. Amma wanda ya tashi da allo, daga dama idonsa yake fara komai, har da zane.

A ɗauki layin da ke nuna farashin buhun gero daga Muharram zuwa Zulhajji. In Muharram yana hagu, layin yana hawa zuwa dama, ɗan boko zai ga tsada. Malamin da ya faro daga dama kuwa gangara zai gani, ya ce gero ya yi sauƙi. Shi ya sa muke kai watan farko dama, ma'aunin kuɗi ya tsaya a gefensa, sannan mu sa ƙaramar kibiya a ƙarƙashin watannin tana kallon hagu. A manhajar lissafi ta Excel, cikin saitin layin ƙasa, akwai zaɓin juya jerin. Da ka danna shi ma'aunin tsaye zai koma dama da kansa. In zanen na sanduna ne ba layi ba, na fi son na kwance, su taso daga dama, sunayen na gindinsu. Ajami mai wasali ba ya karantuwa in an karkata shi don ya shiga ƙarƙashin sanda a tsaye.

Kada dai a juya zanen gaba ɗaya kamar a madubi. Lambobi ba sa juyawa: 1447 haka take ko a tsakiyar Larabci. Da'irar da aka yanka kashi-kashi tana bin hannun agogo yadda ta saba. Taswira ma haka, a ta jihar Sakkwato Illela na arewa, Kebbe na kudu, gabas na dama.

Lambobin Larabci su ne suka fi jawo ɓarna. Biyar, wato ٥, kamar sifilin boko take, sifilin kuma ɗigo ne kawai, ٠, wanda kan ɓace in tawada ta yi ƙasa ko fostar ta sha ƙura. Sai ٥٠ ta koma biyar, ko ɗan boko ya ɗauke ta sifili. A tambayi mai aikin irin lambobin da mutanensa suka saba da su, a tsaya kan iri ɗaya. Karan da ake sawa tsakanin lambobi biyu, kamar 10-20, yakan sa su musanya wuri a wasu manhajoji, don haka muke rubuta "daga 10 zuwa 20" da kalmomi.

Sai salon rubutu. Mai karatun Warsh ya san fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. In ka ba shi na Hafs, inda fa ke da ɗigo a sama, zai karanta ta ƙaf. Haruffan kwamfuta masu suna Harmattan da Alkalami an yi su ne don rubutun wannan yanki namu, kuma kyauta ake sauke su. Inda boko zai ci girman 12, Ajami mukan ba shi 16 zuwa 18, tare da buɗa tsakanin layuka don kada kisira ta hau fatahar layin ƙasa. Tsohuwar manhajar zane ta CorelDRAW takan tsinka haruffa su tsaya ɗaiɗai, shi ya sa muke mayar da rubutun ya zama zane kafin mu tura wa mai inji.

In fosta ɗaya za ta ɗauki boko da Ajami, zane biyu muke yi, kowane da alkiblarsa. Kafin a buga babbar bana, mukan fitar da ita a takardar A4, mu miƙa wa mai karatun Ajami ba tare da bayani ba, mu ce: "Malam, farashin nan hawa ya yi ko sauka?" In amsarsa ta saɓa wa alƙaluman, sai a koma kwamfuta a gyara.