Man birkin da na ƙi juyewa

Wata bakwai motar nan ta yi tana shiga tana fita a garejin Tudun Wada da ke Zariya kafin ranar tseren, kuma a watannin nan babu abin da hannu bai taɓa ba a ƙarƙashin bonet. Abu ɗaya na bari, man birki. Shi ne ya kai ni cikin tayoyin shinge a zagaye na biyar, kuma har yau in na tuna da yadda fedar ta nutse a ƙarƙashin ƙafata sai gabana ya faɗi.

Motar BMW 335i ce mai ƙofa biyu, ƙirar 2008, injin N54: lita 3, silinda shida a jere, turbo biyu. Daga kamfani tana fitowa da ƙarfin doki 300 da 'yan kai, kuma masu harkar sun san abin da ya sa ake ƙaunar injin nan, yana karɓar ƙari sosai ba tare da an buɗe cikinsa ba. Matsin iskar da turbo ke turawa a asali bai cika psi 9 ba, muka ɗaga shi zuwa 14 ta saitin kwamfutar injin. Mun so mu wuce nan, amma fetur ɗin gidajen manmu ba zai ɗauka ba, injin zai fara ƙwanƙwasa, don haka muka tsaya. Muka sa intakula babba, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin, muka maye bututun iska na roba da na ƙarfe, muka ƙara abin sanyaya baƙin mai, sababbin fulogi da kwayil, tayoyi masu kama ƙasa. Wasu kayan daga kasuwar Ladipo ta Legas aka turo su, wasu na je Ƙofar Ruwa a Kano da kaina, wasu sai da na jira su daga waje. Duk wannan ya tafi yadda ake so, ba shi ne labarina ba.

Saura kwana uku mu tashi, ina tsaye a gareji da la'asar ina duba waya, sai yaron Oga makanikina, wanda bai wuce shekara sha shida ba, ya buɗe murfin tukunyar man birki ya haska fitilar wayarsa ciki. Ya ce, “Yallaɓai, man nan fa ya yi baƙi, kamar shayin da aka manta a kan wuta.” Oga ya ajiye sufana ya leƙa, ya ce, “Alhaji, a juye shi gaba ɗaya. Lita ɗaya ce, aikin awa guda.” Na ce, “Oga, birki na ci ko ba ya ci?” Ya ce yana ci. Na ce to a ƙara masa kawai, in mun dawo a juye. A makon nan na sa sababbin fad, wato takalman birki masu matse faifan da ke cikin taya, gaba da baya, a raina na gama da batun birki, hankalina kuma yana kan wani kilif na bututun intakula da ke ɗan yoyon iska. Yaron ya ɗauko wata gorar man birki da aka fasa tun kafin damina, rabi a ciki, ya tsiyaya har ya kai layi. Ina kallo. Ni na ce a yi.

Abin da ban ba muhimmanci ba a ranar shi ne man birki yana shan ruwa daga iska, ko a cikin mota ko a gorar da aka buɗe. DOT 4, nau'in man birkin da motar ke sha, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 ko sama. In ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin ɗari, ƙa'idar da aka yarje masa ta sauko har 155. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk shekara biyu, ko da motar kasuwa da masallaci kawai take zuwa. Tawa kuwa tun da na saye ta ban juye ba, ta ci damina uku a hannuna a Zariya, ban da waɗanda ta ci a hannun mai ita na farko. Man birki, kamar duk abu mai ruwa-ruwa, ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka feda ƙarfin ƙafarka ke isa taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar man ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, iska kake takawa.

Kuma babu yadda za a yi in gane haka a gida. Gwajin da nake yi bai wuce in ja motar sau ɗaya a miƙaƙƙen wuri da asuba, in taka birki sau ɗaya, sannan in tafi a hankali har komai ya huce. A haka ko man da ya shekara goma zai nuna maka lafiyarsa ƙalau. A nan zan faɗa wa ƙannena masu wasan mota a bayan ango ko ranar sallah: abin da kuke yi a Kwangila da PZ a tsakiyar mutane da 'yan acaɓa ba gwaninta ba ce, kuma bai koya muku komai game da motarku ba. Fili killatacce ne kaɗai ke tona asirin mota, domin can ne za ka taka birki da iyakar ƙarfinka, bayan 'yan daƙiƙu ka sake, ka sake, ba hutu.

A kan babbar mota muka ɗora motata, muka bi Kaduna, Abuja, Lokoja, muka gangara kudu. Mun bar Zariya cikin sanyin hunturu, leɓe na tsagewa, muka sauka inda gumi ke tsatso maka tun kafin hantsi. Safiyar ranar aka duba hular kwano da bel da tayoyi, aka yi mana bayanin tutoci, aka sake mu zagayen gwaji. Guda uku kawai na yi, a natse, ina kallon zafin baƙin mai da na ruwa, don su nake tsoro. Duka suka zauna daram. Na fito ina jin daɗi.

Da aka tashi tseren sosai, motar ta yi abin da na kashe kuɗi dominsa. A miƙaƙƙen layin filin, in turbo suka cika, sai ka ji kujera ta manne maka a baya, motocin da muka tashi tare suna ja baya a madubi. Ina isa ƙarshen layin da gudun kilomita 150, in sauko zuwa wajen 60 don shiga kwanar dama mai tsanani. Daga baya na zauna na yi lissafin: mota mai nauyin kusan kilo 1,600, a wannan takun birki ɗaya tak, tana zuba wa faifai da fad zafin da zai tafasa ruwa fiye da lita uku, a cikin 'yan daƙiƙu. Kuma zafin ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Ka ƙara gudu kashi 10, zafi ya ƙaru kashi 21. Wato duk dokin da na ƙara wa injin, kaya na ɗora wa birki, na kuma bar shi da man da ya sha damina uku.

Motar ta yi mini magana sau biyu. A zagaye na uku fedar ta ɗan yi nisa kafin ta kama. Na ce sababbin fad ne suke zama. A na huɗu sai da na taka sau biyu kafin ta yi tauri. Nan ya kamata in ɗaga ƙafa, in zagaya a hankali in fita. Amma ina na biyu, na farko yana gabana da tsawon mota uku, ina ganin ina cim masa a kowane miƙaƙƙen layi. Na ce zagaye ɗaya kawai.

Na biyar, na wuce alamar da nake fara birki, na taka. Fedar ta tafi har ƙasa ba tare da ta yi gardama ba, kamar ka taka soso. Na ɗaga na sake takawa, na sake, a karo na uku ta ɗan kama. Na sauke giya, injin ya yi kururuwa, gudun ya ragu amma bai isa ba. Kwanar ta zo. Abin da ya zo bakina salati ne. Na miƙe sitiyari na bar ta ta fita kai tsaye, don na san in na karya a wannan gudun gefe za ta ba shinge, ko ta kife. Muka ratsa ciyawa, sai tayoyin da aka jera. Ƙarar ba ta da yawa, wani irin dum ne mai nauyi, bel ya shaƙe ni a ƙirji, sannan shiru, sai tururin lagireto yana tashi ta gefen bonet da ƙaurin fad ya cika motar. Na kashe injin. Hannuna na rawa har na kasa kwance igiyar hular kwano, wani ma'aikacin filin ne ya kwance mini.

Alhamdu lillahi, ban karye ba, ban taɓa kowa ba. Ƙirjina ya yi mako biyu yana ciwo, shi ke nan. Motar kuwa ta tafi da bamba, fitilu biyu, lagireto, fanka, abin sanyaya baƙin mai, da intakular nan da na yi wata biyu ina jira. Ƙarfen gaba ya lanƙwashe. Abin da ya fi ƙona mini rai: bayan rabin awa, da muka zo ɗora ta a babbar mota, na taka birki sai na ji shi da tauri kamar babu abin da ya faru. Man ya huce, tururin ya koma ruwa. Da wani ne ya zo a lokacin, da ya rantse ni ne ban iya tuƙi ba.

Wanda ya ci tseren, motarsa ba ta kai tawa ƙarfi ba ko kusa. Ya zo ya dafa kafaɗata, ya tambaye ni abu ɗaya: fedar tauri ta yi motar ta ƙi tsayawa, ko laushi ta yi? Na ce laushi. Ya ce to mai ne. In fad ne suka gaji da zafi, fedar na nan da taurinta, kamun ne ke raguwa. Ya ce shi kafin kowane tsere sai ya juye nasa da sabo daga gorar da ba a fasa ba. Ya kuma lura ina fara birki da wuri ina jan sa a hankali har cikin kwana, alhali taku gajere mai ƙarfi ya fi ba faifai damar shan iska. Na ƙara wa kaina wani: na bar na'urar hana sulɓi a kunne gaba ɗaya, ita kuma tana danna birkin tayoyi da kanta duk lokacin da baya ya so zamewa, zafi kan zafi.

Da muka dawo Zariya 'yan uwa da abokai suka yi ta zuwa jaje, kowa da “tsautsayi ba ya wuce ranarsa.” Na karɓa, na gode, na kuma yarda da ƙaddara. Amma a zuciyata na san sunan abin sakaci. An gaya mini, da bakin mutum biyu, kwana uku kafin nan. Kuɗin man da na ƙi saya bai kai na rabin tankin fetur ba. Gyaran gaban motar ya cinye abin da na ware na shekara, wata huɗu tana wajen mai gyaran bodi. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, “Ka tuna kana da 'ya'ya.” Wannan ya fi faɗa zafi.

Oga bai taɓa ce mini “ai na faɗa maka” ba. Ranar da aka sauke motar ya zuƙo man a sirinji ya zuba a farar gora, ya tsoma ɗan alƙalamin nan mai auna ruwa, fitilar ƙarshe ta kama ja. Ya miƙo mini gorar ya koma aikinsa.

Yanzu DOT 4 na tsere nake sawa, mai jure zafi fiye da na kanti, kuma ba na bari ya wuce tsere ɗaya ba a juye ba. Wanda zai saya ya kula da DOT 5, na silikon ne, ba a haɗa shi da 3 ko 4; 5.1 ne ɗan gidansu. Mun ja bututun iska daga bamba zuwa bayan faifan gaba, na sa fad na fili, ina kuma yin zagaye ɗaya a hankali kafin in fita, in na tsaya ba na jan birkin hannu sai faifai sun huce. Gorar da aka fasa ta kwana, ta bar motata.

Makon jiya muka juye na farko tun bayan gyara. Oga ya ce yaron ne zai riƙe sufana, ni in zauna a kujera in yi feda. Muka fara da tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa da tukunya. Yana durƙushe yana ce mini, “Yallaɓai, taka. Riƙe. Saki.” Na yi yadda ya ce, taya bayan taya, har man da ke gangarowa a siririn tiyo ya koma fari tas, babu kumfa ko ɗaya. Ya ɗaure na ƙarshe, ya ce in sake takawa. Fedar ta tsaya a sama, da tauri.