Adireshin da ke bin mota duk inda ta je

Aikinmu a ɗan kamfanin nan shi ne haɗa motocin kamfanoni da intanet, ƴar rawuta ce mai sim, wato na'urar raba intanet, sai tiraka mai nuna inda mota take, mu ɗaura mu saita mu ci gaba da kula da su. Kusan duk kwastoman da ya zo maganarsa ɗaya ce, a ba kowace mota adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, wanda ba ya canzawa don ya riƙa leƙa ta duk sanda ya ga dama. Ni ma a da haka nake yi musu, ya fi sauƙi ai.

Ranar da na canza tunani ina zaune ne ina duba bayanan sabarmu, wato kwamfutar da na'urorin motocin ke aiko wa bayanai, sai na lura da wata mota, rabin farko na adireshinta na IPv6, sabon samfurin adireshin IP mai tsawo, yana ta canzawa amma wutsiyar tana nan daram, ga ff:fe a tsakiyarta. Duk ɗan sana'ar nan ya san ma'anar wannan, na'urar ta ɗauki lambar MAC ɗinta ne, wato lambar shaidar da take zuwa da ita daga masana'anta, ta cusa a cikin adireshin, tsohon tsarin nan na EUI-64. To rabin farkon yana faɗin netwok ɗin da ta hau, wutsiyar kuma tana faɗin ko wace ce. Da safe wifi ɗin gareji, da rana na wurin caji, da dare na wani gida. Ban buɗe GPS ba fa amma na san inda direban nan yake kwana, kuma ba ni kaɗai ba, duk sabar da na'urar ke magana da ita, ta taswira ce ko ta sabunta manhaja, tana ganin abin da na gani. Gaskiya jikina ya yi sanyi, mutumin nan aiki ya zo yi, bai ba kowa izinin bin sawunsa har ƙofar gida ba.

Abin haushin ma maganin ya daɗe, tun 2001 IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da tsarin adireshin wucin gadi mai sauyawa, aka sabunta shi a 2007 da 2021, amma har yau akwai na'urori masu araha da ke zuwa da tsohon saiti.

Batun adireshin da kwastoma ke nema kuwa, wanda kowa a intanet zai iya ƙwanƙwasawa, ina tuna wa kwastoma abin da ya faru a 2015 a Amurka, Charlie Miller da Chris Valasek suka bi ta netwok ɗin Sprint suna lalubo motoci da adireshinsu, har suka sarrafa Jeep Cherokee daga nesa, sai da aka janye motoci miliyan 1.4 don gyara.

Yanzu ba ma barin mota a fili. Motar ce ke kiran sabarmu ta VPN, wata rufaffiyar hanya kamar rami a cikin intanet, adireshin dindindin yana cikin ramin nan kawai, na waje kuma yana ta juyawa, MAC ɗin wifi ma muna sa shi ya canza a lokaci guda, don in ka canza ɗaya ka bar ɗaya aikin banza ka yi. Sim ɗin ne ya fi ƙarfinmu, kamfanin layi ya san inda yake ko me muka yi. Shi ya sa kafin mu ɗaura na'ura nake cewa a kira min direban, in nuna masa a allo abin da ake gani da wanda zai gani, wani manajan ransa ba ya so amma ban taɓa fasawa ba.