Abin da Futura ta koya mini a teburin aiki

A shagon ɗab'i, idan mai aiki ya ce a sa masa rubutu mai kauri wanda za a hango daga tsallaken titi, yawanci salon haruffan da ake kira Futura yake nufi ko wani salon da ya gaje ta, ko da bai taɓa jin sunan ba. Wani Bajamushe, Paul Renner, shi ya zana ta, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da ita a 1927. A lokacin masu zane a Jamus sun gaji da haruffa masu kwalliya da jela, sun koma wa da'ira da murabba'i da alwatika. Duk wanda ya kalli O ɗinta zai rantse da kamfas aka kewaya, ita kuwa l sanda ce kawai a tsaye.

To, ba haka abin yake ba, kuma nan ne karatuna ya fara. Ka buɗe manhajar zane ta CorelDraw, ka girmama O mai kauri har ta cika fuskar kwamfuta, sannan ka ɗora mata da'ira ta gaskiya. Ba za su daidaita ba. Gefenta na hagu da na dama sun fi sama da ƙasa kauri, domin idon mutum yana ganin layin kwance ya fi na tsaye nauyi ko da awonsu ɗaya ne. Ta kuma ɗan zarce layin da H da E suka tsaya a kai, sama da ƙasa, don in ba a yi haka ba sai ta zama kamar ƙanwarsu. A haruffan b da d, daidai inda ciki ya haɗu da sanda, an rage kaurin, in ba haka ba tawada ta taru a wurin ta yi dunƙule. A siririyar Futura kan A tsini ne kamar mashi, amma a mai kauri an datse shi. Renner ya bi rula har inda ido ya yarda, daga nan ya bi ido. Tun da na gane haka, kafin in buga aiki sai na ja da baya daga tebur na kalle shi daga bakin ƙofa, duk abin da lambobin kwamfuta suka ce.

Haka batun tazara. Kwamfuta na iya ba kowane harafi fili daidai, amma A kusa da W za su bar rami, H kusa da I kuma su matse. A ƙaramin rubutu ba mai lura. A kan bana, wato kyallen talla, mai faɗin bango kuwa kowa zai ga ramin, ko da bai san sunan abin da ya dame shi ba. Da hannu ake gyara shi, harafi bayan harafi, kuma ba mai biyan kuɗin wannan lokacin.

Irin wannan salo na magana kaɗan ne. Nike ta yi shekaru tana rubuta takenta da matsattsiyar Futura mai kauri, kalma uku kacal. Allon da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969 ma da Futura aka rubuta shi, layuka 'yan kaɗan. Amma a nan sai a kawo maka fasta ana son sunan ango da amarya da iyaye da manyan baƙi da wurin taro duk a yi su da kauri. In kowa ya ɗaga murya, wa za a ji? Ga shi a dogon rubutu haruffan a da o na Futura suna kama da juna, ido ya gaji. Nakan ba mai kauri layi ɗaya ko biyu, sauran in nemo musu salo mai sanyi, ko da za mu yi ja-in-ja da mai aiki.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne haruffa masu ƙugiya. Da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu a Najeriya muke sa 'y. Kana bugawa sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo daban, ka ga siririyar ƙ ta tsaya tsakiyar ƙattai. Wasu sukan jefar da ƙugiyar kawai. Ni nakan zana ta, kuma dabarar Renner ce take fitar da ni: ƙugiyar ba ta kai kaurin sanda, sai an rage ta a inda ta lanƙwasa, a kuma bar cikinta a buɗe don kada ta toshe idan an hango daga nesa. Babbar Ɗ da Ɓ ƙugiyarsu hagu take fita, saboda haka harafin da ke hagunsu sai an ɗan ja shi baya, in ba haka ba su manne a kan bana.