Daga rubuta manhaja zuwa jan waya a Legas

Da na gama karatun kimiyyar kwamfuta sai na gangaro Legas, na sauka gidan kawuna a Agege. Burina shi ne na kowa a ajinmu: rubuta manhaja a Yaba, unguwar kamfanonin fasaha. Na kuwa samu, a wani ƙaramin kamfani mai yi wa Turawa aiki, albashi da dala. Sai 2022 ta zo, masu zuba jari suka ɗaure bakin jaka, su Meta da Amazon suka sallami dubban ma'aikata, guguwar ta iso har nan. Saƙon imel guda aka turo mana, kwantiragi ya ƙare.

Kawu bai san kwamfuta ba, amma ya san kasuwa. Ya ce, "Ɗana, nemi aikin da sai an ga ƙafarka a wurin." Nan na koma karatun CCNA, takardar shaidar ƙwarewa a haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta ta kamfanin Cisco. Kuɗin jarrabawar dala 300 ne, kuma bayan an saki naira darajarta ta faɗi a 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na sayi tsofaffin na'urori a Computer Village da ke Ikeja, ina gwaji da dare idan an kawo wuta.

Yanzu ina wani kamfanin raba intanet. Abin da ke riƙe da aikin nan shi ne wayar intanet ɗin tana nan a ƙasa, a Legas. Idan masu gyaran titi suka datse ta, ba wanda zai haɗa ta daga Indiya, saɓanin manhaja da ake iya rubutawa daga ko'ina. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, ACE da SAT-3 suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna suka tsaya cik. A ofis muka kwana muna karkatar da hanya zuwa igiyoyin da suka tsira. A makon nan babu manajan da ya yi zancen rage ma'aikata.

Sai dai kwanciyar hankalin na da tsada. Albashi da naira ne, kuma bai kai na abokaina da suka dage da manhaja har suka sake samun aikin dala ba. Ga kiran tsakar dare, ga cunkoson gadar Third Mainland da kaya a baya. Wani lokacin ma ka isa ka tarar janareta ne kawai ya mutu.

Kuma aikin na canzawa. Ofisoshi suna kwashe sabarsu, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, zuwa rumbunan haya na intanet irin su AWS da Azure, mai buga umarni da hannu na'ura bayan na'ura kasuwarsa na raguwa. A sashenmu ni aka bar wa saita na'urori da yawa a lokaci guda da harshen manhaja na Python da manhajar Ansible, don ni na taɓa rubuta manhaja. Ƙarin girman da na samu daga nan ya fito. Takardar CCNA shekara 3 take yi ta ƙare, don haka yanzu kuɗin CCNP, mataki na gaba da ita, nake tarawa.