Daga Dawson zuwa bakin tekun Arewa: tsakuwa, jirgin fito da masallaci

Kimanin kilomita 40 kafin ka shiga garin Dawson, a yankin Yukon da ke arewacin Kanada, akwai wata mararraba inda hanya ta ɓalle ta nufi arewa. Ba za ka yi nisa ba kwalta za ta ƙare. Daga nan sai tsakuwa da ƙura har kusan kilomita 740, zuwa garin Inuvik. Sunanta hanyar Dempster, an buɗe ta a 1979, kuma ita muka bi ni da wani abokina a watan Yuli, cikin motar da muka ɗauko haya a Whitehorse.

Mai ba da hayar bai sallame mu ba sai da ya nuna mana tayoyin safaya biyu da jak, ya kuma ja mana kunne mu cika tanki taf. Gaskiyarsa. Bayan mararrabar nan, gidan mai na gaba yana Eagle Plains, tafiyar kusan kilomita 370. A tsakani babu mai faci, babu sabis na waya. In tirela ta tunkaro ka, sai ka rage gudu ka raɓe gefe, don tsakuwar da take watsowa tana fasa gilashi.

Farkon tafiyar cikin itatuwa ne, sai ga duwatsun Tombstone sun bayyana, baƙaƙe masu tsini. Kana haura su itatuwan suka fara gajarta, suka yi ƙaranci, can sai ka neme su ka rasa. Fili ne shimfiɗe iya ganinka, ga gajeriyar ciyawa da furanni jajaye, ga ƙananan tafkuna birjik. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas ya san irin wannan faɗin da ke sa mutum ya yi shiru a mota, sai dai nan ƙasar jiƙe take sharkaf, kuma sauronta ba ya jiran dare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Idan ka haƙa ƙasar nan kaɗan, ƙanƙara za ka tarar, wadda ta shekara dubbai ba ta narke ba. Sama-sama kawai ke saki lokacin zafi. Shi ya sa 'yan itatuwan da ke wurin ba sa iya kafa saiwa mai zurfi, za ka gan su a karkace, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Shi ya sa kuma ba a shimfiɗa hanyar a kan ƙasa kai tsaye ba. Tsakuwa aka jibga, a wasu wuraren kaurinta ya haura mita 2, don kada zafi ya ratsa ya narkar da ƙanƙarar. Ranar da ta narke, hanyar ta nutse ke nan. Muna tafe muna wuce katafiloli suna gyara, kuma kafin mu kai kogin Peel mun ga gefen tuddai da suka zaftare suka zama taɓo, saboda ɗumamar yanayi ta fara cin ƙanƙarar da ke riƙe da su.

Kaɗan bayan Eagle Plains akwai allon da ke nuna ka tsallaka da'irar Atik, wato layin da daga shi zuwa arewa rana takan kwana ba ta faɗi ba a tsakiyar lokacin zafi. Tun kafin nan duhu ya daina zuwa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare rana tana nan a rataye, inuwarka doguwa. Magariba da isha'i sai da agogo muka yi su, zuciya tana ta wasi-wasi.

Sau biyu hanyar take ƙarewa a bakin ruwa. Na farko a kogin Peel, kusa da Fort McPherson, inda wani ƙaramin jirgin fito da ke bin igiyar ƙarfe yake tsallakar da motoci. Ba a biyan ko sisi. Babu gada, babu matsaya ta siminti, tudun tsakuwa ne kawai da ake ta gyarawa duk lokacin da ruwa ya cinye shi. A gaɓar akwai bukkokin masunta 'yan ƙabilar Gwich'in, kifi a tsattsage a rataye yana shan hayaƙi. Wata dattijuwa ta miƙo mana busasshen kifi muka ɗanɗana, ta tambaye mu daga ina, muka ce asalinmu Nijeriya. Ta yi dariya ta ce lallai mun sha hanya.

A Fort McPherson akwai kaburburan wasu 'yan sanda huɗu da suka mutu a 1911. Sun tashi zuwa Dawson da keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara a tsakiyar hunturu, suka sallami ɗan ƙasar da ke yi musu jagora, suka ɓata, yunwa da sanyi suka gama da su. Jami'in da ya gano gawarwakinsu shi ne Dempster, wanda aka sa wa hanyar sunansa. Ni dai a ganina, mutanen da suka san wannan daji tun kaka da kakanni, waɗanda shi kansa su ne suka yi masa jagora, sun fi cancantar a tuna da su. Mu baƙi ne muke ce wa wurin nan kufai. Su gidansu ne, sun san inda garken barewar karibu ke ratsawa da lokacin da kifi ke haurowa.

Fito na biyu a kogin Mackenzie ne, mafi tsawo a Kanada, daidai ƙauyen Tsiigehtchic da ke kan tudu da 'yar farar majami'arsa. Na fito daga mota na tsaya a gefen jirgin. Ruwan ja-ja ne, mai nauyi, yana tafe da kututturan itatuwa. Wani ma'aikacin jirgin ya ce mini da hunturu a kan wannan ruwan tireloli ke bi, bayan ya daskare. Amma sau biyu a shekara, lokacin da yake fara daskarewa da lokacin da yake farfashewa, jirgi ba ya iya bi, mota ma ba ta iya bi. Makonni ake yi hanya a yanke, sai abin da jirgin sama ya kawo, kayan masarufi kuwa su yi tashin gwauron zabo.

Inuvik gari ne na mutum dubu uku da 'yan kai. Gidajen a kan turaku suke, bututun ruwa ma a sama suke bi, duk don kada a taɓa ƙanƙarar nan. A nan muka yi sallar Juma'a. An gina masallacin ne a Winnipeg, can kudu, aka ɗora shi a kan babbar mota zuwa Hay River, daga nan aka sa shi a jirgin dakon kaya ya gangaro kogin Mackenzie, tafiyar sama da kilomita 4,000, ya iso a 2010. Bayan na ga kogin da idona, sai labarin ya ƙara yi mini girma. Jama'ar ba su da yawa, akwai 'yan Sudan da Labanon da Masar, wasunsu direbobin tasi. Na tambayi wani dattijo, na ce: "Baba, yaya kuke yi da azumi a nan?" Ya ce lokacin wani birni da ke can kudu suke bi, don a garin nan rana takan yi sama da kwana 50 ba ta faɗi ba, da hunturu kuma kusan wata guda ba ta fito ba. Masallacin yana da rumbun abinci da ake raba wa mabuƙatan garin, ba a tambayar addinin kowa.

Sauran kilomita 138 zuwa Tuktoyaktuk, ƙauyen da ke bakin tekun Arewa, sabuwar hanya ce, a 2017 aka buɗe ta. Kafin nan sai ta sama, ko ta ruwa, ko ta kan ƙanƙara. A can wani ɗan ƙabilar Inuvialuit ya ɗauke mu a ƙaramin kwalekwalensa mai inji zuwa wurin wasu tuddai da ake kira pingo, waɗanda cikinsu zallar ƙanƙara ce ta kumburo ta ɗaga ƙasa. Babbansu, Ibyuk, ya kai mita 49. Iskar teku ta sa muka ƙudundune cikin riguna duk da ana cikin Yuli. A hanyar dawowa ya rage gudu ya nuna mana bakin gaɓar garinsu, inda teku ke cin ƙasa kowace shekara, har an ɗauke wasu gidaje an mayar da su ciki. Ya nuna wani wuri da ruwa ya riga ya rufe, ya ce yana yaro a nan suke wasa.