Abin da aikin dare ya koya mini game da hayar sikuta

Muna yara a Kano akwai wani mai hayar keke a bakin layinmu. Kekunansa ba su kai goma ba, duk sun sha faci. Ka ba shi kuɗi, ya dubi agogo, ka yi zagayenka ka dawo. Bai taɓa karɓar jingina ba, don ya san gidan kowa. Ka lanƙwasa masa wili da la'asar, kafin magariba maganar ta kai kunnen babanka. Ban sake tuna mutumin nan ba sai wani dare a Paris, ina tsugune a bakin kogin Sen, mu biyu muna jawo sikuta daga ruwa da igiya da ƙugiya. Ta fito duk laka da gansakuka, lambarta ma sai da na kankare da ɗan yatsa kafin ta karantu.

Sikutar da nake nufi ita ce ɗan babur ɗin nan na tsaye mai batir, wanda ake buɗewa da waya. Karatun kasuwanci ne ya kai ni Faransa, kuɗin ɗaki kuma ya sa na kama aikin dare a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba da hayarta. Mukan fita da mota cike da batura, mu cire wanda ya mutu mu sa mai caji, mu tayar da waɗanda aka yasar a kan hanyar ƙafa, mu jera su a bakin tashoshin jirgin ƙasa kafin masu sammako su fito.

A aji kuwa, harkar kamar kuɗi a ƙasa. Babu shago, babu direba, sai manhaja. Kamfanin Bird, wanda ya fara a Santa Monica ta Amurka a 2017, a farkonsa dala 1 yake karɓa a buɗe, sannan santi 15 kowane minti. Tafiyar minti 10 ta zama dala 2 da rabi ke nan. Na taɓa zama na ninka wannan da hawa kaza a rana, da kwana 365, na ga ribar da ta sa ni murmushi ni kaɗai. Abin da ban tambaya ba shi ne: kwana nawa sikutar za ta yi a raye? Da aka bi bayanan birnin Louisville na Amurka a 2019, sai aka ga na farkon nan ba sa cika wata guda a titi. Dama na kamfanin Xiaomi na Sin ne, an ƙera su don mutum ɗaya ya hau ya shigar ɗaki, ba don a bar su a ruwa da rana kowa na sukuwa a kai ba. Abin da ka saya dala ɗaruruwa, ya mutu kafin ya biya kuɗin kansa, ko ka yi dubu irinsa asarar ce kawai ka ninka. Bird ɗin da aka taɓa yi wa ƙima sama da dala biliyan 2, a Disamba 2023 ya je kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi.

A garejinmu na gane inda kuɗin yake zurarewa. Wani bakanike da ya girme mu duka yakan ɗaga sikuta da hannu ɗaya, ya girgiza, ya saurara. In ya ji ruwa na motsi a ciki sai ya ce, "Wannan ta gama yawo." Birki, taya, wuya da ya karye, wayar wuta da aka fizge. Sai man motarmu, da albashinmu, da inshora. Shi ya sa kamfanonin suka koma ƙera nasu, masu nauyi kamar jaki, da batir da ake zarewa a wurin. A da sai an kwashe sikutar dungurungum an kai caji, ta kwana ba ta kawo ko sisi ba. Wannan canjin, wanda ba ya jan hankalin kowa a taron masu zuba jari, ya fi duk wata kwalliyar manhaja amfani.

Na kuma lura tsofaffin tsare-tsaren keke da suka daɗe, kusan duk akwai wanda ke tallafe da su ta baya. Vélib' ta Paris ta fara a 2007 ne bisa yarjejeniya da JCDecaux, kamfanin allunan talla: ya ba da kekuna, birni ya ba shi wuraren kafa talla. Na Landan sunan banki suke ɗauke da shi, Barclays daga 2010, Santander daga 2015. Na New York ma Citi ne. A ganina kuɗin mahayi kaɗai da wuya ya riƙe wannan harka. A Sin, Ofo mai rawayen kekuna ta cika tituna tana karɓar kuɗin ajiya, yuan 99 daga baya 199, da ta durƙushe a 2018 sai ga mutum sama da miliyan 10 a layin jiran a mayar musu.

Sai maganar titi, wanda ba naka ba ne. Ni da na ga yadda aka wayi gari an hana acaɓa a Kano a 2013, bai kamata wannan ya ba ni mamaki ba, amma ya ba ni. Mukan ji tsofaffi na tsaki in sun tarar da sikuta kwance a ƙofar gidansu, mu ɗauke mu ba da haƙuri mu wuce, ban taɓa sa tsakin nan a lissafi ba. A Afrilu 2023 aka yi ƙuri'a a Paris. Waɗanda suka fito ba su kai kashi 8 cikin 100 ba, amma kusan kashi 90 cikinsu suka ce a hana hayar sikuta. Kamfanonin hayar Lime da Dott da Tier, kowanne da sikuta 5,000, aka ba su zuwa ƙarshen Agusta.

Makonnin ƙarshe lodi muka yi ta yi a manyan motoci, ana tura su wasu biranen. Ni aka mayar da ni ɓangaren kekunan lantarki, waɗanda haramcin bai shafa ba. Daren farko, keke na uku da taswira ta nuna mini yana cikin harabar wani gida, an kulle ƙofa, ina hango shi ta ƙarfen get.